Zomon da Ba Ya Tsayawa a Zana Shi: Nazarin Shekarun Farko na Wata Mai Zanen Dabbobi, 1875 zuwa 1905

## Asalin lamarin

An haifi Beatrix Potter, mai zanen dabbobi kuma marubuciyar littattafan yara, a Landan ranar 28 ga Yuli, 1866, a unguwar Kensington, cikin gidan masu hali da dukiyarsu ta samo asali daga masana'antar auduga ta arewacin Ingila. Mahaifinta lauya ne, amma ɗaukar hoto ya fi ci masa lokaci. Abokin John Everett Millais ne, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Ingila na zamanin, har yakan ɗaukar masa hotunan wurare da mutanen da zai zana. Ba a sa ta makaranta ba. Malamai mata ake ɗauka su koyar da ita a gida, a wani ɗaki da ke hawa na uku, kuma ba ta da abokin wasa sai ƙaninta da aka haifa a 1872.

A wannan ɗaki su biyun suka tara dabbobi: zomaye, ɓeraye, kwaɗi, ƙadangaru, jemagu, maciji, daga baya har da bushiya. Kowace shekara iyalin kan bar Landan su yi watannin zafi a karkara. Daga 1871 zuwa 1881 suna zuwa Dalguise, a bakin kogin Tay a Sikotland, daga 1882 kuma suka fara zuwa Yankin Tafkuna a arewa maso yammacin Ingila. Dabbobin ma a cikin akwatuna da kwanduna ake sa su a jirgin ƙasa a tafi da su.

Matsalar da ta sha fama da ita kusan shekara talatin tana da fuska biyu. Da farko, yadda za a kama kamannin dabba mai rai da fentin ruwa, alhali dabbar ba ta tsayawa, fentin kuma ba ya son gaggawa. Da ta girma ta nemi abin kanta, sai fuska ta biyu ta bayyana: babu mai sayen hoton zomo tsura, komai kyansa. Masu buga kati da littattafan yara zomo mai riga suke so, yana tafiya da ƙafa biyu, kuma a hannun yawancin masu zane da zarar an sa wa zomo riga sai ya tashi daga zomo ya koma yaro mai dogayen kunnuwa.

## Halin kayan aikin

Fentin ruwa garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi aka kwaɓa da ƙaro, irin ƙaron dakwara da Sudan da Chadi da arewacin Najeriya ke fitarwa, wanda malamai ke sawa a tawada. Ruwa ke narkar da shi a shafa, idan ruwan ya bushe ƙaron ya riƙe launin a jikin takarda. Launin shara-shara ne, farin takarda na leƙowa ta ƙarƙashinsa, don haka ba a ɗora haske a kan duhu. Daga mafi haske ake farawa a gangaro zuwa mafi duhu. Duk inda ake son fari, kamar cikin zomo, ƙasan wutsiya, ko ɗigon hasken da ke ƙwayar ido, tun farko ake kewaye shi a bar takardar yadda take. Wanda ya manta ya shafe wurin, da wuya ya dawo da farin yadda yake.

Ƙaro kuma yana sake narkewa duk lokacin da ruwa ya taɓa shi. Idan aka yi shafi na biyu kafin na farko ya bushe sarai, ko aka yi ta kai da komo da buroshi a wuri ɗaya, launin ƙasa sai ya taso ya gauraya da na sama, hoton ya dagule. Idan buroshi mai ruwa da yawa ya taɓa wurin da ya fara bushewa, ruwan ya ture launin gefe ya bar tabo mai baki-baki. Takarda marar kauri kuwa tana kumbura ta yi kwari da tudu, launi ya kwanta a kwarin, sai dai in an jiƙa ta an ɗaure ta a allo ta bushe a miƙe kafin a fara.

Kowane shafi na buƙatar mintuna kafin ya bushe, zomo kuwa cikin daƙiƙoƙi ya sauya zama. Hancinsa ba ya daina motsi, kunnuwansa kowanne na juyawa da kansa. Gashin zomo mai launin na daji ma ba launi ɗaya ba ne: silin gashi guda toka-toka ne a gindi, ruwan ƙasa mai rawaya a tsakiya, baƙi a tsini. Wanda ya kwaɓa ruwan ƙasa guda ya shafe jikin gaba ɗaya, siffar zomo zai samu, ba zai samu gashi ba.

## 1875 zuwa 1883: kwafe da darussa

Littafin zanenta mafi daɗewa da ya rage na 1875 ne, tana da shekara takwas zuwa tara. A ciki akwai tsutsotsin malam-buɗe-littafi da ta zana, tare da ɗan bayanin abin da kowacce ke ci. A littafin 1876 kuma akwai zomaye sanye da riguna suna wasan sulɓi a kan ƙanƙara. Ke nan hanyoyin biyu, ta lura da ta ƙirƙira, tun tana ƙarama suke tare da ita, sai dai kowacce na shafinta daban.

Abin da aka fara gwadawa shi ne kwafe daga littattafan koyon zane da na tsuntsaye. Kwafe ya gyara mata hannu, ya koya mata jan layi mai tsabta. Amma wanda ke kwafe ya tarar wani ya riga ya yanke masa duk hukuncin da ke da wuya: inda za a tsayar da dabbar, abin da za a bari, abin da za a zubar. Da ya zauna gaban dabba mai rai sai ya ga bai koyi wannan ba.

Daga 1878 zuwa 1883 aka ɗaukar mata malamar zane, kuma a 1881 ta samu takardar shaidar ɗaliban zane ta mataki na biyu daga sashen kimiyya da fasaha na South Kensington. Jarrabawar ta ƙunshi zanen hannu, zanen abin da aka ajiye a gaba, da ƙa'idar nisa da kusa. Duk abubuwa ne da ba sa motsi. A littafin sirri da ta riƙa rubutawa da wasu haruffan da ta ƙirƙira, daga 1881 zuwa 1897, ta yarda cewa ta amfana da malamar a waɗannan fannoni, amma ta ce fenti abu ne mai wuyar koyarwa, kuma idan ɗalibi da malami suna kallon halitta ta fuskoki daban, dole su cije.

A ƙarshen 1883 aka biya mata darussa 12 na fentin mai a wurin wata ƙwararriya. Ba ta ji daɗinsu ba. Ta rubuta damuwarta kan tsadarsu, da tsoron kada su ɓata mata yadda take ganin abu. Fentin mai yana rufe abin da ke ƙasansa, ana iya gyara a kai a kai, ana kuma farawa daga duhu zuwa haske, akasin abin da hannunta ya saba. Da darussan suka ƙare ba a sake ɗaukar mata malami ba.

## 1883 zuwa 1889: ƙashi, awo da maimaitawa

A waɗannan shekaru ne aikin ya sauya, ba tare da malami ba. Ita da ƙaninta sun daɗe da wata al'ada: idan suka tsinci mataccen tsuntsu ko dabba a karkara, ko ɗaya daga cikin nasu ta mutu, sukan feɗe ta, su dafa har nama ya saki ƙashi, su wanke ƙasusuwan, su auna, su zana, wani lokaci su sake haɗa ƙwarangwal ɗin. Sun yi wa dila irin ta Turai haka. Ba aiki ne mai daɗin ji ba, amma abin da yake koyarwa ba a samunsa ta kallon waje.

Zomo misali ne mai kyau. Abin da mai kallo ke ɗauka gwiwa ce da ta juya baya a ƙafar bayansa, dunduniya ce. Gwiwar gaskiya tana can sama, a ɓoye cikin gashi kusa da ciki, tana kallon gaba. Tafin ƙafar baya dogo ne, idan zomo ya zauna duka yake shimfiɗa shi a ƙasa. Allon kafaɗa a gefen haƙarƙari yake kwance, shi ya sa zomo ba shi da faɗin kafaɗa irin na mutum, kuma ƙafafunsa na gaba ba sa buɗewa gefe sosai. Idanu a gefen ƙoƙon kai suke, don haka daga gaba ba a ganin kowannensu a zagaye. Wanda ya riƙe waɗannan a kansa, idan zomo ya ba shi daƙiƙa goma, layi biyar ko shida sun ishe shi ya kama zaman: lanƙwasar ƙashin baya, inda kai ya karkata, gwiwa, dunduniya, gindin kunnuwa. Sauran ya cika bayan zomon ya tashi, ba da ƙage ba, da sanin abin da ke ƙarƙashin fata.

A Fabrairun 1884 ta yi wa ƙadangaruwarta hoton fentin ruwa, kuma zaɓin dabbar ya dace da kayan aikin, domin ƙadangare kan daɗe bai motsa ba. A shekarar ce kuma ƙanin ya koma makarantar kwana ya bar mata jemage. Ta riƙa ciyar da shi ƙudaje da ɗanyen nama, ta rubuta mamakinta kan yadda yake da saurin tafiya da ƙafa. A shekarun da suka biyo ta zana jemagu ta sama, ta ƙasa, a rataye, da fiffike a buɗe, da ƙwarangwal ɗinsu a gefe. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar ɓeranyar daji mai yawan barci da ta ƙaunata ƙwarai, wadda ta mutu a 1886. Takardun nazarinta cike suke da ita a dunƙule, a miƙe, daga baya, daga gefe, sau da yawa a shafi guda.

Wannan cika shafi da dabba ɗaya dabara ce ta aiki. Maimakon a fara hoto guda a yi ta jiran dabbar ta koma yadda take, sai a fara uku ko huɗu a takarda ɗaya. Da ta motsa a bar wannan a koma wancan. Dabbar gida zamanta kaɗan ne, tana yawan komawa gare su, don haka kowane zane ana dawo masa. Zomo kuma da asuba da magariba yake kazar-kazar, da rana yana kwance. Ranar ce lokacin launi, ga haske ga dabba a natse. Shi ya sa da yawa daga hotunanta masu cikakken launi na dabba ce a kwance ko tana barci, zanen motsi kuwa ya fi yawa da fensir.

Hanyar fitar da gashi da ake gani a ayyukanta na wannan lokaci ita ce ta busasshen buroshi. A fara da fensir marar nauyi. A yi shafi mai ruwa-ruwa na launin da ya fi haske a jikin dabbar, a kewaye wuraren fari, a bari ya bushe ƙarau. A yi shafi na biyu a wuraren inuwa kawai: ƙasan haɓa, bayan kunne, tsakanin cinya da ciki. Sa'an nan a ɗauki ƙaramin buroshi mai tsini, a ɗebi launi mai kauri, a goge ruwan a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa ja gajere-gajere ana bin kwanciyar gashi, daga hanci zuwa ƙeya, daga kafaɗa zuwa gindi. Tunda babu ruwa sosai, shafin ƙasa ba ya tasowa, kuma yana leƙowa tsakanin layukan, sai ido ya ga launi uku a wuri guda kamar yadda gashin yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika ko'ina da layuka daidai wa daida, jikin ya rasa tudu da kwari. Gashi ya fi fitowa a inda haske ke juyawa zuwa inuwa, can ake yawaita su.

Gidan adana kayan tarihin halittu na South Kensington, wanda aka buɗe a 1881, tafiyar ƙafa ce daga gidansu, kuma ta riƙa zuwa tana zana ƙwari da sauran abin da aka ajiye. Ta kuma yi aiki da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, tana zana ƙafar gizo-gizo da ɓawon fiffiken malam-buɗe-littafi. Zuwa ƙarshen shekarun 1880 fuskar farko ta matsalar ta warware. Amma ba ta taɓa sayar da ko zane ɗaya ba.

## 1890: zomo na farko da katunan Kirsimeti

Wajen wannan lokaci ta sayi wani babban zomo a shagon tsuntsaye a Landan, ta shigo da shi gida a ɓoye cikin jakar takarda. Ya saba da ita har tana fita da shi da igiyar fata. Wata takarda mai kwanan watan Agusta 1890 na ɗauke da kansa kaɗai, an zana shi ta fuskoki daban-daban.

Ita da ƙaninta suna son sayen injin buga rubutu na fam 16, kuɗinsu ya gaza da fam 6. Mijin gwaggonta, masanin sinadarai Henry Roscoe, wanda ya ga katunan da take yi wa 'yan uwa, ya ba da shawarar a gwada sayarwa. Ta shirya zane shida, zomon ne samfurinsu, wannan karon sanye da tufafi. Kamfanin Marcus Ward da aka fara aika wa ya dawo da su nan take. Na biyu, Hildesheimer da Faulkner, ya aiko da cakin fam 6, ya nemi ƙari. An buga su a matsayin katunan gaisuwa, an kuma haɗa wasu cikin ɗan littafi da baitocin wani marubuci daban. Don murna ta ba zomon kofi guda na irin wiwi, wanda ake ba tsuntsayen keji, washegari da ta so zana shi ta tarar ya bugu, ba ya zanuwa.

A waɗannan katuna ne hanyoyin nan biyu suka fara haɗuwa a shafi ɗaya. Idan zomo ya miƙe tsaye, yana tsayuwa ne yadda zomo ke yi idan yana leƙen abu: a kan dogon tafin baya, gwiwa a lanƙwashe, gindi kusa da ƙasa, ƙafafun gaba a rataye a ƙirji. A kan wannan jiki ake ɗinka rigar, ba tare da an miƙar masa da ƙafa ko an faɗaɗa masa kafaɗa don rigar ta zauna ba.

Nasarar ba ta yi nisa ba. Kati ciniki ne na lokaci ɗaya, mai bugawa ya biya ya mallaki zanen. A 1891 ta aika wa kamfanin Frederick Warne wasu zanuka, suka dawo da su da cewa ba su da abin yi da zane warwatse, amma in da tsarin littafi ne za su duba.

## 1892 zuwa 1897: gwaje-gwajen da ba su kai ba

Wajen 1892 ta sayi zomo na biyu a titin Uxbridge kan sule huɗu da sisi. Ya fi na farko natsuwa, yana son kwanciya gaban murhu, kuma ya rayu tare da ita har 26 ga Janairu, 1901. Kusan shekara tara ke nan na kallon dabba ɗaya.

Dabbar aro kuwa ta zo da matsala. A farkon 1893 ta ari ɓerayen Masar daga wata maƙwabciya don ta zana su a matsayin masu aikin lambu. Ɗaya mai dogon gashi, wadda mai ita ke ji da ita, ta ci takardar tsane tawada da kwali da zare a teburin aiki, ta mutu cikin dare. Dabba mai gwaguya ba a sakinta kusa da kayan zane, musamman ma da yake wasu launukan zamanin na ɗauke da darma ko wasu gubobi.

A 1894 kamfanin Ernest Nister, mai maɗaba'a a Nuremberg ta Jamus da ofishi a Landan, ya nemi jerin zanen wani kwaɗo mai kamun kifi. Ta nemi sule 25, suka taya sule 21, ta ce a dawo mata da kayanta, aka daidaita a sule 22 da sisi. Kuɗin ya nuna iyakar kasuwar.

Mafi yawan ƙarfinta a waɗannan shekaru ga naman kaza ya tafi. Ta yi hotuna ɗaruruwa. Charles McIntosh, wani mai raba wasiƙu a yankin Dunkeld na Sikotland kuma masanin tsirrai, ya ba ta shawarar ta riƙa yanka su tana nuna yadda hular ta haɗu da kara, domin da wannan masana ke rarrabe iri. Ta kai ga rubuta takardar bincike kan yadda ƙwayoyin irinsu ke tsirowa, aka gabatar da ita a ƙungiyar masana halittu ta Linnean da ke Landan ranar 1 ga Afrilu, 1897. Wani namiji ne daga lambun binciken tsirrai na Kew ya gabatar a madadinta, domin ba a barin mata shiga taron. Ba a buga takardar ba, hanyar zama mai zanen kimiyya ta rufe. A 1896, da Millais ya rasu, ta rubuta abin da ya taɓa gaya mata: masu iya zane suna da yawa, amma ita tana da lura.

## 1893 zuwa 1902: daga wasiƙa zuwa littafi

Ranar 4 ga Satumba, 1893, tana hutu a Dunkeld, ta rubuta wa ɗan ɗaya daga cikin malaman da suka koyar da ita a gida wasiƙa. Yaron shekararsa biyar, ba shi da lafiya. Ta ba shi labarin wani zomo marar jin magana da ya shiga lambun wani mutum, ta cika shafukan da zanen alƙalami. Zanukan na gaggawa ne, babu launi, babu busasshen buroshi. Zomo na gudu, yana kutsawa ƙarƙashin ƙofa, ya maƙale a raga. Babu zomon da zai tsaya a zana shi a irin wannan hali, daga ka suka fito.

A 1900 ta aro wasiƙar ta faɗaɗa ta. Aƙalla kamfanoni shida suka ƙi. Wasu sun so littafi babba mai launi da tsada, ita kuma ta nace kan ƙarami, daidai hannun yaro, mai araha. Sai ta biya da kanta aka buga kwafi 250 a Disamba 1901, da zanen baƙar tawada 41 da hoto mai launi guda a farko. Suka ƙare, ta ƙara 200 a Fabrairun 1902.

Kamfanin Warne ya dawo da sharaɗin a yi duka da launi. Ta yi jinkiri, hujjarta kuwa ita ce tsadar bugun launi mai kyau, da cewa yawancin hotunan ruwan ƙasa ne da kore kawai. Daga baya ta yarda. Hanyar bugun ita ce ta launi uku: a ɗauki hoton zanen sau uku ta gilasai masu launi, a yi faranti uku na ɗige-ɗige, na rawaya, na ja, na shuɗi, a buga su ɗaya kan ɗaya. Wannan hanya ba ta ɗaukar sirara-siraran layukan gashi yadda suke, musamman a shafin da tsawonsa bai wuce santimita 14 ba. Don haka salon ya sauya: layin alƙalami siriri ya riƙe siffa, shafi mai tsabta marar yawan ɗorawa ya ba da launi, gashi kaɗan a inda ya zama dole, gefen hoton kuma ya narke cikin farin shafi ba tare da an kewaye shi ba. Shuɗiyar rigar da ta sa wa zomon ta raba shi da koren lambu.

Inda aka sha wahala shi ne mutane. Kamfanin bai gamsu da hoton matar mai lambu ba, ta sake shi sau da yawa. A wata wasiƙa ta bayyana cewa abin da mutanen kamfanin da ƙaninta suka ɗauka hancin mai lambun ne, kunnensa ta nufa. Littafin, mai suna The Tale of Peter Rabbit, ya fito a Oktoba 1902, kwafi 8,000, da hotuna masu launi 31, a kan sule ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare an buga 28,000.

## 1903 zuwa 1905: gyaran hanyar aiki

Yanzu akwai wa'adin maɗaba'a, ba a iya jiran dabba shekaru. Don wani littafinta kan ɓeraye biyu da ya fito a 1904, editanta ya ƙera mata akwati mai fuskar gilashi, ta yadda ɓerayen biyu za su yi harkarsu tana kallonsu daga gefe, daidai tsayin idonsu. Kallon ƙaramar dabba daga sama yana gajarta mata ƙafafu ya ɓoye ciki da haɓa, kallo daga gefe kuwa shi ke ba da zaman da za a iya sa wa riga.

Bushiyarta, wadda ta zama mai wankin kaya a labarin wani littafinta na 1905, ta fi wuya. Ta rubuta cewa muddin aka bar ta tana barci a cinya lafiya lau, amma idan aka jingine ta tsaye na rabin awa sai ta fara hamma, daga nan ta kai cizo. Maganin shi ne raba aikin biyu: fuska da tafuka da ƙayoyi daga dabbar, riga da hula da yadda suke lanƙwasa daga wata 'yar tsana ta auduga da ta ɗinka wa kayan.

## Sakamako

A 1905 ta sayi gona a Near Sawrey, a Yankin Tafkuna, da kuɗin littattafai da wani gado. Jerin ƙananan littattafan ya kai 23. Da idonta ya fara rauni, tsofaffin takardun ne suka riƙe ta: zanen ɓerayen Masar masu lambu na 1893 shi aka sake yi ya shiga wani littafinta na 1922. Ta rasu ranar 22 ga Disamba, 1943. Mafi yawan takardun nazarin suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, na naman kaza kuma da yawa suna gidan Armitt a Ambleside.

## Hukunci

Darussan sun ba ta hannu, amma ba su taɓa matsalar ba, domin duk abin da suka koyar a kan abin da ba ya motsi ne. Kati ya tabbatar akwai mai saye, sai dai bai bar mata komai a hannu ba. Kimiyya ta kaifafa idonta, ƙofarta kuma a rufe take ga mace a lokacin. Abin da ya warware lamarin shi ne sanin ƙashi haɗe da daɗewa da dabba ɗaya. Ƙashi ya ba ta abin da zai yiwu ga jikin zomo, shekarun zama da zomaye biyu suka ba ta abin da zomo ke yi a zahiri, yadda yake daskarewa idan ya tsorata, yadda yake kwantar da kunne. Wasiƙar 1893 ita ce shaida mafi ƙarfi, tunda an yi ta da gaggawa don yaro, ba don mai saye ba, amma gaɓoɓin na inda ya kamata.

Ƙa'idarta game da tufafi ma daga nan ta fito. A ƙarshen rayuwarta ta soki wani marubuci da ya sa kwaɗo yana taje gashi. A ganinta kwaɗo zai iya sa takalmi, domin takalmi ƙari ne a kan jiki, amma gashi sauya halitta ne.

Raunin zanen mutane bai gyaru ba har ƙarshe, kuma dalilinsa na tabbatar da sauran bayanin. Ba ta yi wa jikin mutum irin nazarin da ta yi wa zomo da jemage ba, ba ta shiga makarantar da ake zana mutum a tsaye ana auna gaɓoɓinsa ba. Dabarar da ta koma gare ta ita ce rage mutane a hotunan, ko nuna su daga nesa, ko daga baya, ko ƙafa da hannu kawai. Hoton matar mai lambu da aka sha wahala a kansa na cikin huɗun da aka cire daga littafin a bugun 1903.